Waƙar Rabaran Thwaite

Da hannuna na rubuta a littafin ikilisiya ranar da Rabaran Barnabas Thwaite ya iso ƙauyenmu: Afrilun 1694, da akwati ɗaya da tari mai nauyi. Ni ne magatakardan coci. Ban da rubuta haihuwa da aure da mutuwa, aikina ne ranar Lahadi in karanta Zabura layi-layi, jama'a su rera a bayana, don yawancinsu makiyayan tumaki ne, ba su iya karatu ba.

Shekara goma sha tara Rabaran ya yi yana rubuta waƙoƙin yabon Ubangiji, har ɗari biyu da goma sha huɗu. Ko ɗaya ba a taɓa rerawa ba. A wurinmu Zaburar Dauda kaɗai ke shiga coci, kuma dattijon ikilisiya, Gideon Pask, ya kasa ya tsare.

"Ranka ya daɗe," in ji Pask, "Dauda sai da ya kashe Goliyat ya yi waƙa. Kai ko kaza, uwargida ke yanka maka."

Da tarin ya fara fitar da jini, Rabaran ya riƙe mini hannun riga a bayan coci.

"Magatakarda, don Allah, guda ɗaya tak. Sa takardar waƙar cikin littafin, ka karanta kamar Zabura. Ba zan ga bazara ba. Kada in mutu ban ji ba."

"In Pask ya gane fa?"

"Pask? Gyangyaɗi yake zuwa yi!"

Ranar Lahadi na karanta layin farko. Abin da ba mu yi tunani ba shi ne, karin waƙa huɗu kawai mutanenmu suka sani, dukkansu gajeru, layukan Rabaran kuwa dogaye ne. Aka ɗauka da ƙarfi, karin ya ƙare, kalmomi suka rage. Wani ya tuntsire da dariya.

Pask ya buɗe ido. "Wannan Zabura ta nawa ce?"

Rabaran ya miƙe a kan mumbari, ya ɗaga murya zai ƙarasa da kansa. Tari ya sarƙe shi, ya durƙusa, har sai da aka tallabe shi zuwa gida.

Kwana tara bayan haka na rubuta sunansa a shafin mamata. Zabura ta casa'in aka rera masa.

Daga baya na zauna na rage layukan waƙar, sun hau karin daidai. Tana cikin akwatina, ban nuna wa kowa ba.