Shatin Yatsa a Gefen Hoto

Mai gyaran fanka yana kan tsani a ɗakin gwaje-gwaje, amma hankalinsa na kan dattijuwar da ke aiki a ƙasa. Farar rigarta ta yi mata yawa, da gani a cikinta ta rame. Yatsunta duk shunayya, sai ka ce a marina ta yini.

Gabanta faranti ne mai ƙananan ramuka, inda ake kiwon ƙwayoyin ciwon daji don gwada magani. Tana ɗiga rini rami-rami, ta ɗauraye a hankali kamar mai wankan jariri, sannan ta ɗaga farantin wajen taga.

"Inna, wannan layin bai kamu ba," in ji shi.

"Waɗanda suka rayu rini yake kamawa, ɗana. Waɗanda magani ya kashe, ruwa ya tafi da su."

"Ashe magani ya ci! Barka!"

Ta juya wajen hoton da ke manne a bango, wani saurayi mai wushirya yana dariya. Gefen hoton duk shatin yatsa ne, wani ya koɗe, wani sabo. Ɗanta ne? Ƙanenta? Bai tambaya ba. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Ta ɗora babban yatsanta, ta ƙara wani tabon.

"Sai yanzu," ta ce ƙasa-ƙasa. "Sai yanzu ya ci, bayan ka tafi."

Mai gyara ya kau da kai, ya daɗe yana ɗaure notin da ya riga ya ɗauru.