Matar da Ba Ta Yarda a Share Suna Ba

Ƙarfe bakwai da rabi take shigowa, kafin mai shara ya gama da baranda. Sai ta rataye jakarta a bayan kujera, ta goge tabaranta da gefen mayafi, ta kunna kwamfuta. Shayinta kullum sai ya huce kafin ta tuna da shi. Shekara goma sha tara ta yi a ɗan ɗakin nan na ƙarshen cibiyar ba da jini, wanda tagarsa ba ta kallon komai sai janareta.

A ofis Anti Rufe-Ƙofa ake ce mata. Shafin intanet na cibiyar yana da rumbun bayanai, inda aka adana sunan duk mai ba da jini, da rukunin jininsa da lambar wayarsa. Masu gina shafin su biyar ne, amma babu mai shiga rumbun kai tsaye. Sai an bi ta wasu ƙananan umarnai da ta rubuta, waɗanda take kira 'yan aikenta. Ɗaya yana buɗe rumbun ya rufe da zarar an gama, don ta tsani a bar ƙofa a hangame, kuma nan ta samo sunanta. Ɗaya yana ɗauko suna, in babu ya ce babu. Na ukun shi ya jawo mata tsiya. In ka ce ya share suna, ba ya sharewa, sai ya kai shi wani lungu ya ajiye kwana arba'in.

Wanda ya fi kowa yi mata tsiyar shi ne abokin aikinta da suke kira Mai Sauri, magidanci mai 'ya'ya uku, gwani ne kuwa, sai dai hannunsa ya riga idonsa.

"Anti, ke fa irin kakata ce," in ji shi. "Ko tsumma ba kya yarwa."

"Kakarka ta san abin da take yi," ta ce, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Wata Talata da safe, shekara shida da suka wuce, aka ce ya share waɗanda lambobinsu suka daina aiki. Cikin gaggawa ya juya sharaɗin, ya kwashe masu lambobi masu kyau, ya bar matattun. Bai lura ba, har da fito ya fita. Ƙarfe sha ɗaya asibiti suka bugo: wata mai jego tana zubar da jini, rukuninta mai wuyar samu ne, kuma babu ko leda ɗaya a firiji. Nas ta nemi masu irin jinin a shafin, ta kira lamba shida, duk a kashe. Da Mai Sauri ya duba ya gane aika-aikarsa, sai ya miƙe zumbur. Ya ruga har ƙofar ɗakinta.

"Anti, na kashe mutum. Na share su duka."

"Da ɗan aikena ka share, ko ta bayan gida ka bi?"

"Da naki."

"To zauna, ka kwantar da hankalinka. Suna nan."

Layi biyu ta rubuta. Sunaye dubu tara suka dawo mazauninsu, huɗu daga ciki masu jinin da ake nema. Na biyu da aka kira wani tela ne, ya bar keke da riga a ƙarƙashin allura ya taho. Matar ta rayu. A taron mako aka yaba wa nas, aka yaba wa tela, kuma sun cancanta. Anti tana can baya tana shan shayinta mai sanyi, ba ta kuma taɓa faɗa wa shugaba kuskuren waye ba. Mai Sauri ne da bakinsa ya ba da labarin ranar Juma'ar da ta wuce, wajen walimar ritayarta, yana share hawaye da hularsa.

Anti, ke ce kika san cewa gwani ma yana da ranar da hannunsa zai zame, kika tanadar masa wajen faɗuwa tun yana yi miki dariya. Ke ce mai aikin da in ya yi kyau ba a ganinsa. Abin yana mana ciwo a ce sai da kika ɗauki kofinki za ki tafi muka iya buɗe baki. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya sa ki huta lafiya.

Ku kuma da kuka gaji kujerarta, ku rufe ƙofa in kun buɗe, ku bar wa na bayanku hanyar gyara kuskure. Akwai wata yarinya 'yar shekara shida da uwarta, mai jegon nan da ta rayu, ke riƙe wa hannu zuwa makaranta kowace safiya. Daga ita har uwar, babu wadda ta taɓa jin labarin Anti Rufe-Ƙofa.