Mai Barci a Kan Kantar Kaya

Jirgin ƙasan Multan ya saki gudu, tsohon taragon katako na ƙara kamar zai tsage. Dilawar ya ƙanƙame benci, idonsa na kan wani dattijo da ke kwance a kantar kaya. Mutumin ya warware rawaninsa ya ɗaure ƙugunsa a jikin ƙarfe, ya yi matashi da takalmansa. Minshari yake, gemunsa mai jan lalle na rawa. Ƙila manomi ne da ya gama girbi. Dilawar ji yake kamar ya ƙwace barcin nan.

Ya zungure shi. "Baba, ba ka jin katakon nan na kuka?"

Dattijon ya buɗe ido ɗaya. "Ɗana, in ya yi shiru ka tashe ni."