Wanda Ba Ya Fitar da Kumfa

Wallahi wannan ba ji na yi ba, ni abin ya sama, lokacin ina ƙasar waje, zaune a unguwar Highbridge ina tuƙin tasi. Wani abokina ɗan Nijar, Habu, shi ya ja ni koyon nutso da tukunyar iska a baya, har na samu satifiket, ni da ko rafin garinmu ban taɓa tsallakawa ba. Malaminmu kullum yana cewa tsoro ke shanye iskar sabon shiga, kuma in abokinka ya tambaye ka da hannu, ka nuna masa gaskiyar abin da agogon iskarka ya ce.

Sati biyu da gamawa muka tafi bakin teku a Far Rockaway da hantsi. Ruwan nan kore ne, da ƙyar kake ganin hannunka. Muna sauka ƙirjina ya hau dukan uku-uku, ina zuƙa kamar wanda kare ya biyo. Habu ya tambaye ni da hannu, na duba agogon, rabin iskata ya tafi, shi kuwa ko kwata bai taɓa ba. Kunya ta kama ni, kar a ce na cika raki, na yi masa alamar lafiya lau. Ka ji wauta!

Can na waiga, babu Habu, allurar agogon iskata ta shiga ja, kuma na rasa ina ne sama. Innalillahi! Na tuna 'yata, na ce shi kenan ta zama marainiya. Sai wani ya kama wuyan hannuna, ya ɗora tafinsa a ƙirjina, yana dannawa a hankali yana saki, har numfashina ya bi nasa lissafin. Haka ya ja ni sannu-sannu har kaina ya fito.

Ina cire abin shaƙar iska daga bakina na hango Habu can bakin gaɓa yana ihun sunana. Ya ce ya fi minti biyar da fitowa nemana.

Na ce, "To wa ya riƙo ni?"

Ya ce, "Aboki, mu biyu kaɗai muka shiga."

Sai a mota na tuna, duk mai nutso kumfa na fita daga bakinsa, wannan kuwa ko ɗaya ban gani ba, kuma hannunsa da ɗumi, babu safa. Ku dai in an tambaye ku iska, ku faɗi gaskiya, don ban sani ba ko kowa ne mai hannun nan yake kawo wa ɗauki.