Abin da Yaya Ta Gani Bayan Aikin Ido

Yayata ta yi shekara ashirin da shida tana aiki a jami'a, a wani ɗaki mai taga ɗaya a bayan sashen binciken kayan tarihi. Masu bincike sukan haƙo laka daga ƙasan wani tsohon tafki su kawo mata. Ita kuma ta wanke, ta ɗiga a kan ɗan gilashi, ta sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ta ƙirga ƙwayoyin garin fure da suka kwanta a lakar tun shekaru dubbai. In na bishiya sun fi yawa, an sha ruwan sama a wancan zamanin. In na ciyawa ne, fari aka yi. Ɗalibai suna ce mata Anti Madubi. Ba ta da digiri, amma ko Farfesa in ƙwaya ta rikita shi, ita yake kira.

Da ƙirgenta Farfesa ya yi suna. Ya rubuta cewa farin shekara ɗari biyu ne ya tashi wani tsohon gari da aka tono a bakin tafkin. Masana a ƙasashe suka yi ta kafa hujja da rubutun, ɗalibai bakwai suka gina digirinsu a kansa.

Lokacin da take wancan ƙirgen ta fara gani dishi-dishi, ta ɓoye wa kowa. Ni na lura, don ni nake zura mata zare a allura. In na yi magana ta ce gajiya ce. Sai da ta shekara shida a haka ta yarda aka cire mata yanar ido. Ranar da aka kwance bandejin ta ƙura mini ido ta ce, "Ashe haka kika tsufa, ba wanda ya gaya mini?"

Da ta koma aiki, daɗin gani ya sa ta ɗauko tsofaffin gilasan da aka kafa hujjar farin nan da su, guda arba'in da ɗaya. Ƙwayar ciyawa rami ɗaya gare ta. Akwai wata bishiya mai ƙwaya irin ta ciyawa, amma raminta uku. A gilashin farko Yaya ta ga rami uku a inda ta taɓa rubuta ciyawa. Haka na biyu, haka na goma. Sau uku ta ƙirga su duka. Babu fari.

Mako uku abinci ba ya shiga cikinta. Sai ta zauna a bakin gado da takalmi a ƙafa, ta rasa fita ta rasa kwanciya. Da ta gaya mini, na kama hannunta.

"Yaya, wata biyar ya rage ki yi ritaya. Wa zai buɗe akwatin gilasan nan?"

"Ai ni na buɗe," ta ce. "Don Allah ki raka ni wurin Farfesa."

Muka sami Farfesa da safe yana shan shayi. Ta ajiye takardun a gabansa, ta yi masa bayani.

"Malama, kin san abin da kike faɗa kuwa?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Zo ka gani da idonka."

Ya zauna a kujerarta tun safe har la'asar, mu muna tsaye jikin bango. Da ya gama ya cire tabarau, ya kifa kansa a kan tebur. "Me zan ce wa yaran nan bakwai?"

Yaya ta durƙusa. Ya ce ta tashi, shi ne ya sa hannu bai duba ba.

Ya rubuta gyara aka buga. Gayyatar taron da ake yi masa ta ɗauke. Wata daga cikin bakwai ɗin ta zo har gidanmu, ta ƙi shiga, ta tsaya a ƙofa ta ce, "Anti, shekara biyar na rayuwata fa." Sannan ta juya ta tafi.

Bayan ritaya Yaya ta roƙi a bar mata makullin ɗakin, don ta sake ƙirga duk abin da ta ƙirga a shekaru shidan nan. Gilashi ɗari tara ne da 'yan kai. Kullum da safe tana can. Ta kai ɗari uku da sha biyu, ta sami kuskure a sittin, kuma duk wanda ta samu sai ta rubuta wa mai shi wasiƙa da hannunta.

Watan jiya likita ya ce jijiyar idonta na dama ta fara mutuwa, kuma wannan ba a yi masa aiki. Ya ce ta rage kallon madubi. A hanyar gida ta tambaye ni ko zan iya koyon bambanta rami ɗaya da rami uku. Na ce ni da ko lambar waya sai na nisanta da fuska nake karantawa. Ba ta yi dariya ba. Ta ce wa direba ya sauke mu a ƙofar jami'a.