Irin da Muka Ajiye a Kalgo

A wane gari muryar Malam take kwana yanzu? Na tambayi jikata Sa'adatu, wadda take rubuta wannan magana daga bakina, ta ce ita ma ba ta san sunan garin ba. Malam mijina ne. An rufe shi a nan Gwandu kafin azumin da ya wuce, amma in ta taɓa wayarta sai in ji shi yana tari yana dariya kamar yana kan tabarmarsa. Duk lokacin da na ji, kuka nake yi, ba na ɓoyewa. In na share hawaye kuma sai tambayar ta dawo, ta ja ni har Maruda, ranar da rumbunanmu suka ƙone.

Ranar Laraba ce, bayan kaka, a shekarar da na fara gwada azumin rabin yini. Muna bayan gida da ƙawayena muna carafke da tsakuwa, ni ce ke ci, sai muka ji awaki suna wani irin kuka. Da muka juyo, jinkar babban rumbu ta riga ta kama, iska tana ɗaukar wutar tana ɗora wa na kusa da shi. Maza suka yi ta watsa ƙasa, mata suna miƙo tuluna, ni kuwa na tsaya da tsakuwa a hannu ina mamakin ƙamshin, don duk unguwar ta ɗauki ƙamshin tumu, kamar ana gasa wa gari duka. Kafin la'asar, geron da muka yi damina muna korar tsuntsaye a kansa ya zama baƙin tudu. Inna ta zauna a bakin murhu ta rufe fuska da gyale. Baba ya daɗe yana tona tokar da sanda, sannan ya ce, "Abinci ya tafi. Iri yana nan."

Ban gane ba, don na ga komai ya ƙone. Abin da ban sani ba shi ne, kowace kaka, kafin a ɗaure damma, Baba yakan bi zangarniya ɗaya bayan ɗaya ya ware masu cika, ya ɗaure ƙaramin dami ya aika wa amininsa a Kalgo. Shi kuma aminin, da muke ce wa Baffan Kalgo, yakan aiko da irin shinkafarsa cikin tukunya an liƙe bakinta da laka, saboda su ruwa ne ke cinye musu. Wannan tukunya tana ƙarƙashin gadon Inna tun da na yi wayo. Mu mutanen tudu ne, ba ma noman shinkafa, don haka ta dame ni ƙwarai. In an aike ni ɗauko maburgi sai in durƙusa in girgiza ta, in kara kunne in ji abin da ke ciki yana motsi. Na taɓa tambayar Inna me ya sa ba ma dafawa, ta ce, "Ba tamu ba ce, kwana kawai take yi."

Wannan rani mun ci daga hannun dangi da maƙwabta. Surfe ya ragu, daka ta ragu, har na yi kewar taɓaryar da nake gudu. Ko ranar da tuwo ya gagara, ba wanda ya kalli ƙarƙashin gadon. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, Baba ya ɗaura wa jaki mangala, ya ɗora ni a kai don in ga Goggona da ke aure a Kalgo, muka kwana a hanya. A Kalgo na fara ganin fadama da kwalekwale, da yara masu shiga ruwa ba a dake su. Baffa ya kira ɗansa ya ce ya shiga rumbu. Yaron ya hau, ya ɓace ciki, can sai ga kansa ya leƙo duk yana da ƙaiƙayi, ya miƙo damin ya ce, "Ke 'yar Maruda, karɓi. Ko ƙwaya ban ci ba, ki ƙirga." Na rungume damin, na gane igiyar kabar da Baba ke tufkawa. Da shi muka yi shuka, da shi muka sake cika rumbu. Yaron nan shi ne Malam. Ko bayan mun yi aure mun dawo Gwandu, gonarmu ba ta fi a zagaye ta da ƙafa kafin shayi ya huce ba, bai taɓa fasa aika iri Kalgo ba, ga 'ya'yan ƙanensa da ke karɓa suna dariya.

Bara Sa'adatu ta gama karatu ta dawo wurinmu, ta ce za ta shirya wa wata jarrabawa ta matakin farko a kan ajiyar bayanai ta intanet, wadda in ta ci za ta iya neman aiki da ita. Na yi zaton za ta zo da littattafai, sai ga ta da kwamfuta da waya kawai. Da safe takan kai su wurin mai caji, da hantsi ta zauna gindin dogon yaro inda sabis ya fi ƙarfi. Ta ce hanyar karatunta ita ce ta bayyana wa wani, sai ta mayar da mu ɗalibanta, tana kunna wayar tana ɗaukar muryoyinmu don ta sake saurara. Daga ita na ji cewa akwai bayanan da ake jerawa kamar kunyoyin gona, akwai kuma irin su hoto da murya da ake zubawa haka nan. Ni tambaya nake yi ba iyaka: wa ke share ɗakin da injinan ajiyar suke, ko ɓera yana shiga, wa ke gadi. Malam kuwa tsokana ce tasa. "Amarya, in kin faɗi jarrabawar nan na fasa auren." Ita kuma ta ce, "Tsoho, da wane haƙorin za ka ci tuwon amarcin?"

Wata rana ta zo kan darasin da ya ce ba a barin abu a gini ɗaya, ana ajiye kwafinsa a wani gini a wani gari, don ko wuta ko ruwa. Malam ya tashi zaune duk da ciwon ƙirjinsa, ya kalle ni, na kalle shi. Ya ce, "To wa ke karɓar tasu tukunyar?" Sa'adatu ta ce wannan ba ya cikin tambayoyin gwaji, muka yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Ita ce dariyar da nake ji yanzu. Bayan rasuwarsa wayar ta faɗa bokitin wanki ta mutu, na ce shi ke nan, ya tafi karo na biyu. Ta sami wata, ta danna kalmominta na sirri, sai ga muryar ta dawo daga inda take kwana.

Jibi za ta tafi Kalgo gidan kawunta, inda akwai sola, ta zauna jarrabawar a gaban kwamfuta, wai mai tsaron ma daga nesa yake kallonta. Ina mata addu'a. Amma na tsayar da ita yau saboda abu ɗaya. Maganar ƙarshe da Malam ya yi mini, wayar ba ta kusa, ba kuma wanda ya ji sai ni. Ni kuwa yanzu ina neman carbi yana wuyana, ina kiran jika da sunan uwarta. A da mun san gidan da ajiyarmu take, mun san wanda zai hau rumbu ya miƙo ta. Yanzu ban san garin ba, ban san mai gadin ba, amma rumbun da ke kaina na san jinkarsa ta tsufa. Don haka na ce ta rubuta, ta kai inda take kai nata.

Da hantsi ne, na kawo masa kunu bai sha ba. Ya riƙe bakin zanena, ya kira ni da sunan da ya fara kirana da shi, ya ce, "'Yar Maruda, na ware na bana, yana saman rumbu. Ki aika Kalgo kafin ki ci."