Kunnen Hagu na Yaya Ilu

Duk wanda ya san Yaya Ilu, dillalin shanu a karar Mai'adua, ya san ba a yi masa magana ta hagu. Tun ranar da wani malamin dabbobi ya nuna masa shirye-shiryen nan da ake saukewa a waya a saurara in an ga dama, waɗanda shi ke kira "fotkas", ya cusa abin sauraro a kunnen nan, ba ya cirewa sai sallah da wanka. Igiyar ta sha tsinkewa, ya yi ta naɗe ta da baƙin salatif. Sallama kaɗai yake amsawa. Ka zarce da gaisuwa, sai ya ɗaga maka yatsa: "Dakata, mutumin bai kai aya ba."

Ni ƙanensa ne, ciki ɗaya, ni ke goya shi a babur ranar kasuwa, don haka ni na fi kowa shan wuyarsa. A kan babur yana ji, a layin mai yana ji, a wurin wanzami ma sai an aske ɓangare ɗaya a jira ya ga dama. Yakan ce, "Sani, rediyo kai ke bin sa. Wannan kuwa shi ke jira na."

Data fa? Haba! Ko ta kwabo bai taɓa saya ba. Ya gano wani ofis a bayan garin Daura da intanet ɗinsu ke tsallako katanga. Duk Laraba da hantsi sai ya je ya manne da bangon, ya ƙura wa waya ido. A lokacin kuwa gari a tsorace yake, ana ta raɗe-raɗin masu kai wa ɓarayin daji rahoto. Ina shago aka bugo mini: "Yi maza, 'yan sintiri sun kama yayanka!"

Na tarar da shi a tsakiyar mutane, an riƙe masa wuyan riga. Wani na cewa a ɗaure shi, wani ya riga ya ɗauko gora.

Shugabansu ya daka masa tsawa: "Wa kake aika wa hoton wurin nan?"

Yaya ya miƙa hannu can sama da wayar, yana ɗage. "Don girman Allah kada ku matsar da ni daga bangon nan! Saura kaɗan ya gama sauka!"

Da ƙyar na roƙa aka bari ya kunna. Sai ga muryar wata likita tana bayanin ciwon hanta a shanu. Can shugaban ya sake shi, ya sosa ƙeya, ya ce, "To, Baba... in saniya tana wannan zawon, me ta ce a ba ta?"

Yaya ya gyara hula ya ce, "Kashi na biyu ke nan. Shi ne kuka hana ni saukewa."

Amma ranar da na sadaƙar mun mutu, a hanyar Mai'adua ce. Jami'an tsaro suka tsayar da mu a shinge. Wani dogo, bindiga a ƙirji, ya dube ni ya ce sun samu labarin ana bi ta nan da man fetur zuwa Nijar. Ban buɗe baki ba na ji daga bayana:

"Ƙarya kake yi! Wallahi ƙarya kake! Uban wa ya gaya maka?"

Innalillahi! Jami'in ya gyara riƙon bindiga. Sauran suka miƙe daga benci. Ni kam na fara kalmar shahada.

"Sauko! Da ni kake?"

Sai a lokacin Yaya ya lura da shi. Ya sauko yana huci, ya zare abin kunnen ya miƙa masa. "Yallaɓai, ji da kanka. Wai mu dillalai ne muke sa shanu tsada!"

Mutumin ya karɓa ya sa a kunne. Minti guda cur ba wanda ya motsa. Da ya cire sai ya ce, "Baba, ai gaskiya ya faɗa."

Na ga Yaya ya ja numfashi zai amsa. Na fizgo shi kan babur, na ce, "Mun gode, yallaɓai!" Har muka shiga kara yana zagin na hana shi kare sana'a.

Da ciwon ƙoda ya kwantar da shi a asibiti, gadon da ke kusa da nasa wani manomi ne daga Mashi da za a yi wa aiki. Mutumin ya tsorata, ya ƙi ci, sai ambaton 'ya'yansa yake. Yaya, da ko zama ba ya iyawa, ya ce in ɗora wayar a tsakaninsu in ƙara murya. Ya zaɓo wani shirin hirar mafarauta. Nas ta zo hana mu, ta ɓige da tsayuwa. Har aka turo keken ɗaukar manomin, dariya yake.

Yaya bai kai mako ba bayan nan. Ranar addu'ar uku sai ga manomin, yana dafa ciki, bandeji ƙarƙashin riga. Ko sunan Yaya bai sani ba, a asibiti aka gaya masa rasuwar da unguwarmu. Tambaya ya yi ta yi a unguwa, ina gidan mai waya. Ya zauna a tabarma ya yi ta kuka.

Allah ya jiƙan Yaya Ilu. Yadda ya kwantar wa baƙo hankali ranar tsoro, Allah ya kwantar masa da nasa a kabari, ya sa ya ji kira mai daɗi ranar tsayuwa. Amin.